Mele Mai Tambaya

Wanda ya baro Babura ya nufi Kanya Babba, kafin ya isa zai ga wata 'yar hanya ta ratse, rairayi zalla, wadda ko 'yan acaɓa sai sun riƙa sauke ƙafa. Ita ke kai mutum Rijiyar Barebari. A yau garin ya haura gida ɗari, yana da masallacinsa da firamarensa da injin niƙa har biyu. Mutumin da ya fara saran sabara a wurin yana nan da ransa, ya ba tamanin baya. Yaran gari Baba Mele suke ce masa. Tsofaffin Kanya kuwa, waɗanda suka san shi tun yana jin ƙarfi, har gobe Mele Mai Tambaya suke kiransa.

Babarbare ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Gaidam. Mahaifinsa fatauci yake yi, yana loda wa jakuna kanwa da gishirin mangul ya kawo kasuwannin yamma, don haka tun Mele yana saurayi ya san Babura, ya kuma iya Hausa, ko da yake har yau in ya yi magana ana jin Barbarci a harshensa. Sai aka yi babban farin nan na 1973. Shanunsu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, jakunan ma aka rasa abin ba su, tsohon kuma ya kwanta ciwo bai tashi ba. Da aka yi sadakar arba'in, Mele ya dubi matarsa Ya Kura ya ce, "Zama a nan ya ƙare mana." Ba ta yi musu ba. Ta goya ɗansu Kashim, suka ɗora tabarma da tukwane biyu a kan jakin da ya rage, suka yo yamma.

Dagacin Kanya da suka faɗa hannunsa mutumin kirki ne, amma gonakin kusa da gari duk da masu su. Ya ɗaga sandarsa ya nuna arewa.

"Ga daji can, ba mai so," in ji shi. "Ƙasar za ta yi gero, ruwan sha ne babu. In ka samu ruwa, wurin naka ne."

"Ranka ya daɗe, an taɓa nema?"

"Ni dai ban taɓa ji ba."

Suka kafa bukka a gindin wani gawo. Ya Kura ke zuwa Kanya ɗebo ruwa, tulu a ka, yaro a baya, tafiyar da ta fi awa guda. In ta dawo ta kama igiya, tana jan ƙasar da mijinta ke cikowa a guga daga cikin rami. Rijiyar farko sun yi gaba goma sha biyu ba ko danshi, suka haƙura da ita. Ta biyu ta fara nuna alama, ƙasa ta yi sanyi a hannu, sai wata safiya suka tarar ta rufta. Da Mele yana ciki da sai dai labari. Ya zauna a bakin ramin yana kallon aikin wata biyu ya tafi a banza.

Ran nan ne Allah ya jefo musu Nicodemus. Magini ne, mutumin Kagoro, yana cikin masu aikin kwalbatocin hanyar mota, ya biyo daji ne yana neman ƙwan zabi na sayarwa a rugage. Ya leƙa ramin, ya damƙi ƙasar ya murje ta a tafinsa.

"Malam, ƙasar nan rairayi ce. Ko sau goma ka haƙa, sau goma za ta rufta. Sai dai ana haƙa ana ɗaurewa da siminti."

"Ni ina na ga siminti?"

Nicodemus ya dubi jakin da ke ɗaure a gindin gawo. Mele ya gane. Ran kasuwa aka kai jaki, aka dawo da siminti. Nicodemus ya riƙa zuwa duk Asabar da mazubinsa na katako yana zuba zobba, Mele yana haƙa, Ya Kura tana ja. Ana gab da faɗuwar damina, ruwa ya ɓulɓulo a ƙarƙashin ƙafar Mele. Ya cika ƙoƙo ya aiko sama. Ya Kura ta kurɓa, ta miƙa wa Nicodemus, sannan ta juya baya ta yi kukanta, ba wanda ya hana ta.

Inda ruwa yake ba a rasa mutane. Fulani suka fara biyowa da shanunsu, sannan ƙannen Ya Kura biyu suka taso daga gabas da iyalansu, sai Hausawan da gona ta yi wa kaɗan a Kanya. Da aikin hanya ya ƙare, Nicodemus ma ya ɗauko matarsa Veronica, ya gina ɗaki biyu kudu da rijiya. Ran Lahadi su hau keke su tafi coci cikin gari, ran Sallah Ya Kura ta aika musu da tuwo da nama, ran Kirsimeti kwanon ya dawo da shinkafa. Ba wanda ya zauna ya raɗa wa wurin suna. Masu wucewa ne suka riƙa cewa, "Mu tsaya rijiyar Barebari," har abin ya bi shi.

Abin da ya mai da Mele mai tambaya kuwa a damina ta biyu ya faru. Yana faɗaɗa gonarsa ta gabas, sai fartanya ta ci karo da wani abu mai tauri. Ya tona, sai ga bakin rami zagayayye, daɓaɓɓe, cikinsa shuɗi-shuɗi. Ya matsa gaba, ga wani, ga wani, har bakwai a jere, tsingaro ko'ina. Karofin marina ne. Ashe dajin da yake taƙamar shi ya fara sara kufai ne. Inda aka yi marina an yi gari, inda aka yi gari kuwa akwai maƙabarta, shi kuma bai sani ba ko a kan kaburburan bayin Allah yake shuka geronsa.

Ya tambayi dagaci, dagaci bai sani ba. Liman ya ce ya taɓa jin wani abu a bakin mahaifinsa amma bai riƙe ba. A ƙarshe aka ce ya je wajen Daudu, wani tsoho a Kanya da idonsa ya tafi, wanda ke wuni shi kaɗai a zauren jikansa. Mele ya sayi goro ya je ya durƙusa.

"Baba, ni baƙo ne. Na tarar da karofi a gonata, ina son in san masu su."

Tsohon ya juyo inda muryar take.

"Guda nawa ka gani?"

"Bakwai."

"Tara ne. Biyu suna bayan tsamiya, in tsamiyar tana nan." Ya gyara zama. "Na uku daga gabas na kakana ne."

Tun hantsi har la'asar Daudu yana magana, sai salla ke tsayar da shi. Ya faɗi sunayen marinan ɗaya bayan ɗaya, da inda suke sayo baban rini, da shekarar da agana ta shigo ta kwashe rabin garin, sauran suka watse, wasu Kanya, wasu Roni, wasu suka haura arewa. Ya kwatanta maƙabartar, yamma da karofin, inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Da Mele zai tafi, tsohon ya laluba ya riƙe masa hannu.

"Yaro, shekara sittin ina ɗauke da maganar nan. 'Ya'yan cikina ma ba su taɓa tambayata ba. Sai kai, Babarbare."

Mele ya kewaye tudun da ƙaya, bai sake sa masa fartanya ba. Da rani Daudu ya rasu. A hanyar dawowa daga jana'iza abu ɗaya ke yi wa Mele yawo a rai: da ya yi jinkirin wata shida, da marinan nan tara sun tafi ke nan, ba mai sake kiran sunansu. Dama ya yi karatun allo a Gaidam, yana rubuta ajami. Ya sayi littafin 'yan makaranta, ya zauna ya rubuta duk abin da ya ji, ya sa sunan Daudu a sama.

Daga nan abin ya shige shi. Da kaka ta wuce, sai ya ɗaure buhun kanwa a bayan keke ya shiga kasuwanni, Kazaure, Roni, Gwiwa, har ƙauyukan bakin iyaka inda ake ciniki da sefa. Kanwar dalili ce kawai. Da ya sayar da abin da ya sayar, sai ya tambaya wa ya fi kowa tsufa a garin. Da farko ba a yarda da shi ba. A wata ruga cikin duwatsun Roni an ɗauka gwamnati ce ta turo shi ƙidayar shanu, kafin ya jingine kekensa an kore dabbobin an ɓoye a bayan dutse. Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ne ya cece shi. Ardon ya ga tsagen fuskarsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ashe bawana ne ya zo gaisuwa."

"Ubangidanka dai ya zo duba dukiyarsa," in ji Mele. "Ina ka kai mini shanuna?"

Aka fashe da dariya, aka kawo fura da nono. Kwana uku ya yi a rugar yana rubutu.

Yana da ƙa'idarsa. Ba ya rubuta magana sai da sunan wanda ya faɗa da na garinsu. In mutum biyu suka saɓa, ya rubuta duka biyun. In aka matsa masa da, "To, Malam, wanne ne gaskiya?" sai ya ce, "Ba na wurin aka yi."

A gida ba kowa ke murna da wannan yawo ba. Ya Kura ta haifi Zulaikha bayan sun shekara biyar a garin. Aikin gida da na awaki duk a kanta, maigidan kuma in ya dawo bayan kwana huɗu, tsarabarsa ita ce labarin wanda ya kafa wani gari shekara ɗari biyu da suka wuce. Yana da ɗabi'ar karanta abin da ya rubuto da ƙarfi a tsakar gida bayan la'asar, don ya ji ko ya yi kuskure. Ita kuwa tana bakin turmi ko tana kan burabusko a murhu, ko waiwaye ba ta yi. Iyakarta ta ce, "Malam, tarihi dai ba ya cika rumbu." Kashim ya taso ba ruwansa da littattafan. Ƙarfe ne abin sonsa, ya koyi gyaran injin ban-ruwa ya zauna a Kazaure. Zulaikha ce ke raɓewa kusa da uban tana sauraro. Da aka buɗe aji a gindin bishiya, Mele ne ya fara kai 'yarsa, ita ce daga baya ta dawo malama a firamaren garin.

Shekaru suka tura. Littattafai suka kai arba'in da ɗaya, yana ajiye su a wata adakar katako da Nicodemus ya haɗa masa. In rigimar iyakar gona ta tashi, dagaci ya aiko a kira shi ya faɗi wanda ya dasa wace bishiya. Ɗalibai su zo daga Kazaure da takardunsu su wuni a zaurensa. Wani ɗan kasuwa ya taɓa zuwa tun daga Damagaram yana neman asalin kakansa, ya koma da sunaye huɗu da bai taɓa ji ba.

Sai tsufa ya kawo yanar ido. Ya yi kusan shekara biyu ba ya iya karanta rubutun hannunsa. A 2017 Kashim ya kai shi Kano aka yi masa aiki, ido ɗaya sannan ɗayan. Likita ya ce ya huta da gona, don haka shi da Ya Kura suka zauna gidan Kashim a Kazaure damina cur. Ɗakinsa na ƙauye yana kulle.

Ranar da suka dawo da hantsi, idonsa tangaran, adakar ya fara nufa. Ya ga jar ƙasa ta hau jikin katakon kamar an yi yaɓe. Ya ɗaga murfin, murfin ya taho a hannunsa. Gara ce ta ɓullo ta ƙasa, ta ci ta yi gida. Ya sa hannu, inda takarda take sai dunƙulen ƙasa. Tara na sama ne suka tsira, su ma duk huji. Na Daudu, da yake shi ne a can ƙasa, ko bangonsa bai rage ba.

Bai yi kuka ba, bai yi wa kowa faɗa ba. Ya yi salati, ya fito ya zauna a dakali. Daga ranar ya daina zuwa majalisa, daga masallaci sai gida. Baƙi su zo ya ce a gaya musu ba ya jin daɗi. Nicodemus, wanda shi ma ya tsufa har yana dogara sanda, ya riƙa zuwa kullum da hantsi ya zauna kusa da shi.

"Malam Mele, laifina ne. Da na yi mata ƙafafun ƙarfe."

"Ba laifinka ba ne, Niko. Amanar mutane aka ba ni. Sun mutu suna ganin sun bar ta a hannu nagari, na je na bar wa gara."

"Ai kai kana nan. Ba a kanka take ba?"

"Kan tsoho rariya ne."

Zulaikha ta ƙyale shi sati uku. Wata Asabar da la'asar ta baro gidan mijinta ta zo, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ajiye wayarta a gabansa.

"Baba, ba rubutu za ka yi ba. Magana kawai. Wannan za ta ɗauka, ni in rubuta daga baya."

"Me ya rage da zan faɗa?"

"Fara da marina. Tun ina ƙarama nake son labarin nan."

Don kada ya watsa mata ƙasa a ido ya fara. Ya faɗi karofi tara, ya faɗi agana, muryarsa ta soma dawowa. Da ya zo sunayen marinan ya kawo biyar ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a biyar. Ya sunkuyar da kai.

"Kin gani ko? Kashe abin nan."

Daga bakin murhu, ba tare da ta juyo ba, Ya Kura ta ce, "Lauwali Dogo. Sai Jatau, sai ƙanensa Tanko. Na tara Ɗan'azumi, shi ne ya koma Roni."

Mele ya juya ya dube ta.

"Ya Kura, ina kika samo wannan?"

"Shekara arba'in kana karanta mini a ka. Kana tsammani da turmi kake magana?"

Zulaikha ta yi dariya har da hawaye. Mele kuwa baki ya saki. Ya gwada ta da wata tsohuwar rijiya a ƙasar Gwiwa, wa ya haƙa. Ta faɗa, ta ƙara da cewa mutum biyu sun saɓa a kai, ta kawo sunan kowannensu. Ba duka ta riƙe ba. Lissafin shekaru bai taɓa damunta ba. Amma sunan mutum, da wanda ya haifa, da wadda ya aura, in ya shiga kunnenta ya zauna ke nan.

Sai ta goge hannu a zaninta ta zo ta zauna a gefen tabarmar, abin da ba ta taɓa yi ba in ana wannan karatu.

"Tunda an buɗe magana, bari in gaya maka, Malam. Littattafan nan naka, ko gara ba ta ci ba, rabi ne. Kai a zaure kake tsayawa, cikin gida ba ka shiga. Ka san ƙanwar Daudu ta sha zuwa rijiyar nan kafin ta rasu? Ka san mata ne ke dakan baba, suna da waƙarsu? A bakin rijiya ta rera mini."

Sai ta rera:

"Baba ya jiƙa, hannu ya yi shuɗi,
Wanda bai san rini ba ya ce dauɗa ce."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ka taɓa tambayata? Ka tambayi Roni, ka tambayi Gwiwa. Ko a littafin rijiyar nan cewa ka yi, na haƙa, Nicodemus ya ɗaure. Ƙasar da ka haƙa, ita ta tashi da kanta ta fito?"

Kunya ta kama Mele a gaban 'yarsa, amma a ƙarƙashin kunyar ya ji wani nauyi da ya danne masa ƙirji sati uku yana sauka. Ya tura wayar gaban matarsa da yatsa.

"Zulaikha, ki sa a sama: daga bakin Ya Kura 'yar Hussain, mutuniyar Gaidam, wadda ta ja ƙasar rijiya."

Aikin ya ci shekara huɗu. Kashim, wanda bai taɓa buɗe ko ɗaya daga cikin littattafan ba, ganin yadda uban ya rame ya sa ya riƙa zuwa duk ranar da ba ya buɗe shago, ya goya shi a babur zuwa garuruwan da ya taɓa bi da keke. Tsofaffin da ya yi hira da su duk sun kwanta dama. Amma a wurare da yawa ya tarar 'ya'yansu da jikokinsu sun riƙe maganar, domin zuwansa na farko ne ya sa suka zauna suka saurara. A rugar Roni ɗan ardon ne ya tarbe shi, shi ma gemu fari, yana cewa, "Bawanmu ya dawo!" Ya jero masa kakanninsu bakwai ba gargada. A gida kuma Ya Kura da Veronica suka riƙa tara tsofaffin mata ran Alhamis da yamma, Zulaikha tana ɗauka a waya. A nan aka ji labarin ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin garin, da ganyayen da aka ci a shekarun yunwa, da yadda amare ke zuwa a kan takarkari kafin a samu mota.

Ba duka aka samo ba. Akwai wani tsohon maƙeri a ƙasar Gwiwa, Muhammad Bahago, da ya taɓa cika wa Mele littafi guda cur a kan yadda kakanninsu ke narka tama. Bai bar ɗa ba, ba wanda ya tuna, Ya Kura ma ta ce lokacin da aka karanta wannan ta tafi biki. Mele ya sa Zulaikha ta bar shafi guda fari, da sunan maƙerin a sama, a ƙasa kuma ta rubuta: "Ya faɗa mini, na rubuta, gara ta ci."

Nicodemus bai ga ƙarshen aikin ba. Amma kafin ya rasu an ɗauki nasa labarin, tun daga dutsen Kagoro har ranar da ya zo neman ƙwan zabi. Sun yi gardama da Mele a kan zurfin rijiyar, shi ya ce gaba goma sha bakwai, Mele ya ce sha takwas, aka rubuta duka biyun. Da Nicodemus ya cika, Mele ya bi 'ya'yansa a mota har Kagoro aka binne shi. Veronica ta dawo bayan makoki, tana nan a ɗakunan kudu da rijiya tare da ɗanta Jerry.

Zulaikha ta kai rubutun Kazaure aka buga a kwamfuta da boko, aka yi kwafi biyar. Mele ya ce kada a sake tara su a ɗaki ɗaya. Ɗaya yana makaranta, ɗaya wajen dagaci, ɗaya gidan Kashim, ɗaya gidan Veronica, na biyar yana ƙarƙashin matashinsa, ko da yake shi ba ya karanta boko. 'Yan aji shida sukan zo su karanta masa, in sun yi tuntuɓe a suna ya gyara musu.

Bana, bayan an gama yankan gero, wani mai sayen wake daga bakin iyaka ya kawo labarin wata tsohuwa a ƙauyensu, Sadiyya, wadda aka ce ta kusa ɗari, ta ga zamanin da ayarin raƙuma ke sauka a ƙofar gidansu. Mele ya ce sai ya je. Kashim ya ce hanyar ba ta babur ba ce ga mai shekarunsa, ya je ya aro motar abokinsa. Suna shirin tashi sai ga Ya Kura ta fito da mayafinta, Zulaikha na biye da ita.

"Ina kuma za ki?" in ji Mele.

"Mace za ku gani. In kun je a zaure za a tsayar da ku."

Haka kuwa aka yi. Matan suka shige cikin gida, aka shimfiɗa wa Mele da Kashim tabarma a zaure, aka kawo musu ruwa da fura. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama, ana jiyo dariyar tsofaffi daga ciki, wani lokaci har da waƙa. Kashim ya jingina da bango yana gyangyaɗi. Mele ya kasa kunne ko zai tsinci wani abu, bai ji sosai ba, ya haƙura. Ya juya wajen maigidan, wani dattijo da ke zaune a bakin ƙofa yana tufkar igiya, ya miƙa masa goro.

"Malam, ku kuma daga ina kakanninku suka taso?"

Dattijon ya ajiye igiyar, ya ɓare goron, ya ce ai labarin da tsawo. Mele ya ce ba sauri suke yi ba.